Akuyar da ke jikin tarago

Bara da kaka na yi wata biyu a jihar Minnesota ta Amurka, wajen 'yata. Maƙwabcinsu wani dattijon Bature ne, tsohon malamin makaranta, wanda ya mayar da ɗakin ƙarƙashin gidansa tashar jirgin ƙasa: layin dogo, gada, rumbun hatsi, duk ƙanana, tarago ɗaya bai kai tsawon tafin hannuna ba. Wata Asabar ya ja ni kasuwar masu irin wannan sha'awa, a wani babban zaure cike da tebura. Can ya hango wani jan tarago mai ɗan bene a ka, da hoton akuyar dutse a gefe, tambarin kamfanin Great Northern ke nan, kamfanin da taragunsa kaɗai yake tarawa. Ya ɗauka, ya jujjuya, ya mayar ya ajiye. Na ce lafiya? Ya ce Great Northern ba su taɓa mallakar mai wannan ƙira ba, jikin na kamfanin Santa Fe ne, fenti kawai aka sauya. Na ce masa mu a wajenmu wannan shi ake kira kura da fatar akuya. A zuciyata kuwa cewa na yi ƙoshi ne ke ɗibar mutumin nan.

Yanzu na janye wannan magana, kuma dalilin janyewar nake so in faɗa.

Taragon da yake nema shi Amurkawa ke kira kabus, wato na ƙarshe a jirgin kaya, kwatankwacin taragon gadi a namu jirgin. A ciki madugun jirgi yake zama da takardunsa, akwai murhu da gadon kwana, ta ɗan benen nan kuma ake leƙa jerin taragu ko wata ƙafa ta ɗau zafi tana hayaƙi. A shekarun 1980 aka fara yin ban kwana da shi, bayan an samu wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a wutsiyar jirgi tana aika wa direba labarin iskar birki ta rediyo. Wahalar samunsa a kasuwar 'yan kwaikwayo tana da tushe. Taragon kaya ɗan yawo ne, na wannan kamfani yana bin layin wancan, shi ya sa ƙirarsu ta yi kusa da juna. Kabus kuwa ɗan gida ne, ba ya nisa da layin masu shi, kowane kamfani da irin nasa tagogi da inda yake ɗora bene. Masu ƙera na wasa ba za su yi wa kowane kamfani mazubi dabam ba, sai su zuba guda ɗaya su yi ta sauya masa riga. Yaro ba ruwansa. Dattijon nan da ruwansa.

Kuma bai tsaya a kamfani kawai ba, har shekara ya zaɓa. Great Northern ya haɗa St. Paul da Seattle a 1893, ya narke cikin Burlington Northern a 1970. A 1967 ya fara shafa wa taragunsa shuɗin fenti. Shi kuwa ɗakin mutumina ya tsaya cak a kakar 1965, lokacin jigilar alkama, don haka duk kyan shuɗin tarago ba ya shiga. Abin da yake so sai ya jira kamfanoni irin su Walthers ko Atlas su sanar za su fitar da ƙayyadadden adadi, ya yi oda watanni kafin a ƙera. In ya kuskure, sai gwanjon eBay ko irin kasuwar da muka je. In duk ya faskara, ya sayi marar fenti, ya kankare taga, ya toshe wata, ya manna rubutu da lamba da ɗan hantsaki, yana duban hoto da zanen awo da ƙungiyar masu adana tarihin kamfanin ta buga.

Ban ce babu almubazzaranci a harkar ba. Na ga mutum da kwalaye fal bayan mota, ya ce rabinsu bai taɓa buɗewa ba. Amma wannan tsirfa ta ƙin karɓar tagar da ba a wurinta take ba, ita ce ta sa kamfanin da ya mutu shekara hamsin da 'yan kai har yau an san tsawon kowane taragonsa, da launinsa, da abin da yake ɗauka. Masana tarihi suna rubuta labarin masu kamfani da 'yan siyasa. Wanda zai tsuguna da tef ya auna ƙofa, sai mai son ya ƙera ta.

Abin da ya karya mini gwiwa tambaya ce guda. Muna shan shayi dattijon ya ce, wane irin tarago ne yake kwasar gyaɗa daga Kano zuwa Legas? Ni da na tashi a Sabon Garin Zariya, kukan jirgi ne agogonmu, sai na kama kame-kame. Dalar gyaɗa na sani, hotonta na kowane littafi. Abin da ya kwashe dalar kuwa, ido ya gani bai riƙe ba. Na koma kasuwar a mako na gaba ni kaɗai, na bi tebur tebur: ga na Amurka, ga na Ingila, ga na Jamus, babu ko ɗaya na Najeriya.

Rashin masu saye dalili ne, amma akwai kuma maganar awo. Sikelin da ya fi yawa a duniya shi ne HO, kashi 1 cikin 87, a kan layi mai faɗin milimita 16.5, wanda yake kwaikwayon layin milimita 1,435 irin na Amurka, irin kuma na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Tsohon layinmu da ya iso Kano a 1911 milimita 1,067 ne, in ka rage shi a wannan sikeli sai ya dawo 12 da ɗan ɗoriya. Ba wani ciwo ba ne marar magani. Mutanen New Zealand faɗin layinsu ɗaya da namu, sai suka koma kashi 1 cikin 64 a kan layin 16.5 ɗin nan, lissafi ya fita, suna ƙera nasu da hannu. Yau ma ga injin da ke fitar da siffar abu da roba daga zanen kwamfuta. Injin dai ba ya ƙirƙira, sai an ba shi awo.

Nan ne nake ganin muna da aikin gaggawa. Ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, mai faɗin milimita 762, an rufe shi tun 1957. Wanda zai kwaikwayi taragunsa yau sai dai ya dogara da tsofaffin hotuna. Kawunan jirgi masu kwal da aka sa wa sunayen koguna, waɗanda Vulcan Foundry ta Ingila ta ƙera mana a 1948, sun yi sa'a Turawa masu sha'awa sun ɗauki hotunansu. Taragon shanu da na gyaɗa da na gadi ba su da masoya haka. Waɗanda suka rage suna zaune a gefen tashoshi ciyawa ta rufe su, ƙarfe kuwa yana da kasuwa. Gidan Jaekel da ke Ebute Metta yana adana hotuna da kayan reluwe, amma Legas ke nan. Me zai hana ɗaliban injiniya a Zariya ko Kaduna su nemi izini, su ɗauki tarago guda a matsayin aikin kammala karatu, su auna, su zana, su zauna da tsofaffin ma'aikatan da suka san launinsa na asali? Yaran da suka ƙera motar kara da ta langa-langa har da ƙofa mai buɗewa ba hannu suka rasa ba.

Ranar da zan taho dattijon ya ba ni tarago guda marar fenti, santimita 14, ruwan toka. Ƙirar Amurka ce, ƙafafunsa sun yi wa layinmu faɗi, shi ma in na shafa masa fenti kura ce da fatar akuya. Yana kan teburina haka nan. Wani tsohon gadi a unguwarmu ya ce in zo bayan La'asar ranar Juma'a da takarda da fensir, zai nuna mini inda birkin hannu yake a taragon da ya yi shekaru yana kwana a ciki.