Korona da mai ciki: zanen aro ba ya rufe katara

Tun da korona ta shigo Nijar a watan Maris na 2020, ake jin wasu mata a kasuwa suna cewa wadda ta yi cutar da ciki, ɗanta ya tsira ke nan. Da gaskiya a maganar, amma rabi ce.

Idan mai ciki ta kamu, jininta yakan haɗa garkuwa, ta bi ta mabiyiya zuwa ga jariri, musamman a watanni ukun ƙarshe. Sai dai aro ce, tana raguwa wata bayan wata. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2022 ya duba jarirai ƴan wata shida. Cikin waɗanda uwayensu suka yi allurar riga-kafi, kashi 57 cikin 100 na da sauran garkuwa. Cikin waɗanda uwayensu suka yi cutar, kashi 8 kawai. Ga shi kuma cutar kan jawo haihuwar bakwaini. Wannan ciniki babu riba.

A 2023 hukumar lafiya ta duniya ta ce korona ta daina zama annobar gaggawa, amma ƙwayar cutar ba ta ɓace ba.

Saboda haka uwargida, kada rumfa ta hana ki zuwa awon ciki. Kada a zubar da dakashi, domin akwai garkuwa cikinsa. Mai tari ya nisanci jinjiri ko ranar suna ce. A kai yaro riga-kafinsa na mako 6, 10 da 14, domin jikinsa ya tara nasa jarin.