Hasken babur ba a girman ƙwai yake ba

Da zarar an idar da sallar magariba ranar kasuwa, hanyar Maraɗi zuwa Tasawa takan cika da masu komawa gida. Ga amalanken shanu da na jakuna waɗanda ba su da ko ƙyallin fitila, ga makiyaya suna kora dabbobi a gefen kwalta, ga manyan motoci da haskensu mai ɗauke ido. A tsakaninsu kuma ga ɗan kabu-kabu, da fasinja da buhun hatsi a baya, fitilarsa kuwa ba ta fi aci-balbal haske ba.

Lamarin ya wuce wasa. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cinye kusan metir 17 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gane abin da ke gaba, ƙafa ta kai ga birki, daƙiƙa guda ta wuce, sannan tayoyi su nemi nasu filin tsayawa. Wanda fitilarsa ba ta haska fiye da metir 20 ba, zai ga amalanke ne bayan damar kauce masa ta wuce. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa haɗurran hanya suna kashe mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 a shekara, kuma in aka gwada da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce abin ya fi yi wa ɓarna.

Idan haske ya raunana, abin da akasarin masu babur ke yi shi ne su nufi mai sayar da kayan gyara su ce a ba su ƙwai mai ƙarfi. Sai a ciro masu na mota mai wat 55 ko 60, a cusa shi inda aka tanadar wa mai wat 35. To, girman guga ba ya ƙara wa rijiya ruwa. A yawancin ƙananan babura, wutar fitilar gaba ba daga batir take zuwa ba, daga bobin take fitowa, wato naɗin wayar tagulla da ke cikin inji, wanda mayen ƙarfe ke kewayawa. Shi ya sa haske ke dushewa in babur na tsaye, ya ƙaru in an murza hannu. Tsofaffin Mobylette da Peugeot volt 6 suke bayarwa, baburan yanzu masu inji 110 da 125 kuwa volt 12, amma kowanne da iyakar abin da bobinsa ke iya samarwa. Ƙwan da ya fi ƙarfin bobin sai ya yi ja kamar garwashi; in kuma ya sami wutar da yake so, zafinsa ya narkar da robar mazauninsa, ya ƙona wayoyi. An kashe kuɗi, an ƙara duhu.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Babur ya fito daga kamfani da haskensa, saboda haka abin bincike shi ne inda hasken ya zube a hanya. Farko gilashi: ƙurar hunturu takan lulluɓe shi, ranar bazara kuma ta mayar da na roba ruwan ɗorawa. Ruwa da sabulu sun isa ga ƙura, robar da ta dushe kaɗan kuwa man goge haƙora da tsumma mai laushi na iya farfaɗo da ita. Sai kwanon nan mai ƙyalli da ke bayan ƙwai, wanda shi ke tattara haske ya jefa shi gaba. In ƙura ta shige shi a hure ta, kada a dirje shi, domin fentinsa ba shi da kauri. In ya yi tsatsa ko ya ɓare, sai canji. Shi kansa ƙwan, in cikinsa ya yi baƙi ya tsufa, a sa sabo mai lambobi irin nasa, kuma kada a kama gilashin halojen da yatsa, domin maiƙon hannu na rage masa kwana.

Amma ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Babban ɓarawon haske shi ne mahaɗin waya da ya yi tsatsa, da makunnin da ya cika da datti, da wayar da makanikai ke kira mas, wadda ke mayar da wuta jikin ƙarfen babur. Ƙwai mai zare a ciki ba ya haƙuri da ƙarancin wuta: in ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa kan faɗi da kusan kashi 30. Makaniken kirki zai tada inji, ya ɗora ma'aunin wuta a gindin ƙwai, ya kankare duk mahaɗin da ya yi kore, ya ɗaure mas a kan ƙarfe tsirara. Idan kuwa ƙwai yana yawan ƙonewa, laifin ƴar na'urar da ke daidaita wuta ne, wato regulater, ita za a duba.

Akwai kuma hasken da bai ɓace ba, sai dai ya ɓata hanya. Kaya ko fasinja na danne bayan babur, goshinsa ya ɗaga, fitila ta koma haska rassan gawo. Gyaran ba ya cin ko dala. A tsai da babur metir 10 daga bango a wuri mai baje, mai shi na zaune a kai, a kunna ƙaramin haske, wanda ake kira kod, a juya kusar saiti har saman hasken ya sauka kamar santimetir 10 ƙasa da tsayin fitilar daga ƙasa.

Sai maganar fitilun LED da suka cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Ƙwanni. Gaskiya ne suna ba da haske mai yawa da wuta kaɗan, amma da sharaɗi. LED na son wutar batir mai gudu ta fuska guda. Wutar bobin mai kai da komowa takan sa ta ƙifce-ƙifce ko ta mutu da wuri, in ba an ƙera ta don haka ba. In za a jawo mata wuta daga batir, dole a sa fizibil, a kuma tabbata inji na mayar wa batir abin da aka ci. Sannan araha ba ta ado: LED ɗin da ba ta dace da kwanon fitila ba tana watsa haske ko'ina, ta makantar da mai tahowa, shi kuwa direban da idonsa ya rufe, mai babur ne farkon wanda zai kaɗe.

Kada kuma a manta da jar fitilar baya, domin ita ce ke shaida wa direban tirela cewa akwai rai a gabansa. Bayan duk wanga gyara, hasken ƙaramin babur yana da iyaka, kuma mai hankali shi ne wanda ba ya yarda gudunsa ya wuce inda fitilarsa ta tsaya. Sannu ba ta hana zuwa. Iyalin da ke jiran ɗan kabu-kabu da tuwon dare sun fi son ya makara da a zo masu da labari. Allah ya kiyaye hanya.