Tankin Murjani a Tambuwal: Da Batir Ake Farawa, Kifi Ya Zo Daga Baya

Duk mai yawan leƙa YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da bidiyon nan: ƙaramin tankin gilashi a kan tebur, shuɗiyar fitila na haska shi, murjani na kaɗawa cikin ruwan gishiri, ga kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa duniya ta san shi. Matashin da ke Tambuwal ko Kebbe, wanda ya iya haɗa sola da gyaran waya, zai ga kamar wannan ma bai fi ƙarfinsa ba. Haɗa gilashi da injin tura ruwa ba zai gagare shi ba. Abin da zai kashe masa kifi shi ne wuta da zafi, kuma da su ya kamata ya fara lissafi kafin ya tura wa kowa ko sisi.

Bahaushe ya san murjani a wuyan amare. Wanda ake sa wa a tanki danginsa ne, kuma halitta ce mai rai. A jikinta akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ke samar mata da yawancin abincinta ta hanyar haske. Tana son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Celsius, dare da rana. Idan zafi ya wuce abin da ta saba, ko da da digiri ɗaya ko biyu ne, ya kuma ɗauki makonni, sai ta kori tsirran nan, ta yi fari fat, yunwa ta kashe ta.

To a kudancin Sakkwato zafin watan Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, ɗakin da ke da rufin kwano kuma ba ya hucewa sai tsakar dare. A Disamba da Janairu dare kan yi sanyi har ƙasa da digiri 20. Ma'ana tanki ɗaya na buƙatar na'urar sanyaya ruwa a bazara, da hita a lokacin hunturu. Ƙaramin tanki, wanda masu sayarwa ke cewa shi ne na sabon shiga, ya fi babba haɗari, domin lita 40 na saurin ɗaukar zafin ɗaki fiye da lita 200.

A ɗauki misali da ƙaramin tanki. Injinan tura ruwa biyu masu cin wat 15 gaba ɗaya, suna aiki awa 24, za su ci yunit 0.36 na wuta, irin yunit ɗin da ake saya a mita. Fitila mai wat 30 na awa takwas za ta ci 0.24. Na'urar sanyaya ruwa mai wat 150, idan ta yi aikin awa 12 a ranar zafi, za ta ci 1.8. Jimilla yunit 2.4 ke nan a rana. Batir mai 12V da 200Ah, irin na ruwa da ake sa wa inbata, yunit 2.4 yake ɗauka idan ya cika, kuma rabinsa kawai ya kamata a sha idan ana so ya daɗe. Ranar da hadari ya rufe rana kuma wutar Kaduna Electric ba ta zo ba, sai da batir biyu irin wannan za a riƙe tankin na kwana ɗaya.

Wani zai ce ai rana ba ta yanke wa Sakkwato, ga masu sayar da ƙanƙara da lemo mai sanyi suna tafiyar da firiza da sola a garuruwan nan. Gaskiya ne, kuma sola ce kaɗai ta sa maganar ma take yiwuwa. Sai dai firiza na yafe wa mai ita. Idan wuta ta ɗauke awa biyar, ƙanƙara ta ɗan narke, gobe ta sake daskarewa. Idan injin tura ruwa ya tsaya a tanki, iskar da kifi ke shaƙa ta fara ƙarewa nan take. Ruwa mai ɗumi bai kai mai sanyi riƙe iskar ba, ruwan gishiri kuma bai kai ruwan daɗi ba. Dare ɗaya na Afrilu ya isa a wayi gari da asarar komai.

Sai maganar ruwan kansa. Ruwan teku na ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, amma gishirin miya ba ya yi. Akwai na musamman da ake haɗawa da sinadaran da murjani ke gina ƙashinsa da su, kuma sai an yi odarsa daga nesa. Ruwan rijiya ko na burtsatse sai an tace shi da matatar RO. A lokacin hunturu busasshiyar iska na shanye ruwa da sauri, gishirin kuma yana nan bai je ko'ina ba, don haka kullum sai an cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri. Wannan ne ma ya sa dabarar hura fanka a saman ruwa, wadda ke rage zafi da ɗan digiri, take zuwa da nata aikin. Bayan an zuba ruwa sai an jira mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin da ke cinye gubar kashin kifi su yaɗu a tankin.

Halittun kuma ba na kusa ba ne. Gaɓar tekun Afirka ta Yamma ba ta da tsaunukan murjani irin na Indunusiya ko Ostareliya, inda ake ɗebo da yawa daga cikin na kasuwa, kuma murjani mai ƙashi yana cikin halittun da yarjejeniyar CITES ta ce sai da takardar izini ake tsallaka iyaka da su. Idan ya sauka Legas, saura tafiyar kusan kilomita dubu a mota, cikin leda, cikin zafi.

Wanda duk da haka yake so, ya bi aikin daga ƙarshe zuwa farko. Ya haɗa wuta, ya zaɓi injin tura ruwa mai 12V da zai ɗaura kai tsaye a batir ba tare da inbata ba. Ya sayi ƙaramin allon ESP32 da ma'aunin zafi na DS18B20 mai shiga ruwa, ya rubuta 'yar manhajar da za ta riƙa ajiye zafin ruwan kowane minti biyar, ta kuma turo saƙo waya idan ya wuce digiri 28. Mai Raspberry Pi yana iya duba reef-pi, manhajar kyauta da aka rubuta don irin wannan aikin. Daga nan ya cika tanki da ruwa zalla, babu kifi ko ɗaya, ya bar shi ya ratsa watan Afrilu. Idan lambobin sun nuna ruwan ya taɓa 30 ko sau ɗaya, ya samu amsarsa ba tare da ya kashe wani abu mai rai ba.

Kafin nan kuma akwai kifin gida. Yankin da ke maƙwabtaka da Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, bai rasa abin sa wa a gilashi ba. 'Ya'yan karfasa na jure ruwa mai ɗumi, tarwaɗa na iya shaƙar iska daga sama idan ta ruwa ta yi ƙaranci. Da su ake koyon tace ruwa, da canza shi, da gane cewa yawan abinci ya fi yunwa kashe kifi.

Ribar wannan hanyar ta wuce ado. Na'urar da ke auna zafi, ta kunna injin iska, ta turo saƙo idan wuta ta ɗauke, ita ce masu kiwon tarwaɗa a tankunan roba ke buƙata, musamman masu ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi, waɗanda dare ɗaya ke iya cinye musu jari. Matashin Kebbe da ya haɗa irinta, ya gwada ta a ɗakinsa har ta ratsa bazara, yana da abin sayarwa a kasuwar da ke kusa da shi. Da kuɗin da ya samu a nan ne zai iya sayen batir na biyu.