Taƙaddama kan kwamfutar injin mota a Amurka

A watan Satumba na shekarar 2024 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka da hukumar kare muhalli ta ƙasar, wato EPA, suka ba da sanarwar cimma yarjejeniya da kamfanin COBB Tuning da ke birnin Austin a jihar Texas, inda kamfanin ya amince da biyan tarar dala miliyan 2.9 bisa zargin sayar da na'urorin da ke gurgunta tsarin rage hayaƙin motoci. Kuɗin bai taka kara ya karya ba idan an kwatanta shi da tarar da aka ci manyan kamfanoni, amma shari'ar ta ja hankali saboda ta taɓo tambayar da aka daɗe ana kai ruwa rana a kanta, wato iya inda ikon mai mota ya tsaya a kan kwamfutar da ke sarrafa injinsa.

Domin fahimtar lamarin wajibi ne a fara da iska. Injin fetur na buƙatar kimanin giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya na mai kafin man ya ƙone sarai. A zamanin kafireto, jan iskar ne da kansa ke tsotso man. A motocin da ke fesa mai ta injekta kuwa, kwamfuta ce ke yanke shawarar yawan man da za a fesa, kuma ba ta iya yin haka sai ta san nauyin iskar da ta shiga.

Hanyoyi biyu ne aka fi bi. Ta farko ita ce na'urar da ake kira MAF, wadda ake dasawa a bututun shigar iska. A cikinta akwai siririyar waya ko ɗan faifai da lantarki ke ɗumamawa, iskar da ke wucewa tana sanyaya shi, yawan wutar da ake buƙata don riƙe zafinsa kuma shi ke nuna yawan iskar. Hanya ta biyu ta girme ta, domin da ita kamfanin Bosch ya fara a tsarinsa na D-Jetronic a motar Volkswagen a 1967. A nan ba a auna iskar kai tsaye, sai dai a auna matsinta da zafinta da saurin juyawar inji, sannan kwamfutar ta duba wani jadawali da injiniyoyi suka rubuta mata ta yi ƙiyasi.

Dukkan hanyoyin biyu sun dogara ne ga zaton cewa injin yana nan yadda ya fito daga masana'anta. A Amurka kuwa akwai ɗimbin masu sha'awar ƙara wa mota ƙarfi, musamman masu Subaru da Ford Mustang da makamantansu, waɗanda ke sauya bututun iska ko su sa turbo mafi girma. A ɗauka mutum ya cire bututu mai faɗin milimita 70 ya sa mai milimita 80. Hanyar iskar ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, saboda haka iskar za ta riƙa wuce wayar a hankali, na'urar ta shaida wa kwamfuta cewa iskar kaɗan ce, ita kuma ta rage mai. Yayin tafiya a tsanake, na'urar auna iskar oksijin da ke jikin salansa kan gano kuskuren ta sa a gyara shi gwargwadon hali. Amma da zarar direba ya take totur har ƙasa, motoci da dama kan daina sauraron wannan na'ura su koma ga jadawalinsu. Mai ya yi ƙaranci, zafi ya yi yawa, fistin na iya narkewa, injin ya buga.

Wannan shi ne dalilin da ya sa sana'ar saita kwamfutar mota ta samu gindin zama. Mai saitin kan ɗora motar a kan na'urar gwajin ƙarfi, ya kwatanta man da kwamfutar ta nema da abin da ya fito a salansa, sannan ya bi jadawalin iskar layi bayan layi yana gyarawa. Idan turbo ya yi girman da MAF ba za ta iya auna iskarsa ba, wasu kan watsar da ita su koma hanyar ƙiyasi. Aiki ne na haƙuri, kuma idan an yi shi da kyau motar kan fi tsabtar hayaƙi a kan wadda aka sauya wa bututu aka bar ta haka nan.

To sai dai ƙofar da ake bi a gyara jadawalin iska, ita ce kuma ake bi a kashe fitilar gargaɗin da ke kunnuwa idan an cire matatar hayaƙi, wadda makanikai a Nijeriya ke yi wa laƙabi da indomie. Matatar ba ta aiki yadda ya kamata sai haɗin mai da iska ya tsaya daf da 14.7, tana kuma ɗan tauye fitar hayaƙi, abin da ke sa masu neman ƙarfi ido rufe su cire ta. Dokar tsabtar iska ta Amurka ta haramta hakan, ta kuma haramta sayar da duk wani abin da babban amfaninsa shi ne gurgunta irin wannan tsari. Wani rahoton EPA na shekarar 2020 ya ƙiyasta cewa an cire kayan rage hayaƙi daga motocin a-kori-kura masu amfani da dizal fiye da 550,000 cikin kimanin shekaru goma. Daga 2020 zuwa 2023 hukumar ta sa yaƙi da wannan ɗabi'a cikin manyan ayyukanta.

Wani abin lura shi ne yarjejeniyar ta 2024 ba ta rufe kamfanin COBB ba. An wajabta masa cire sassan manhajarsa da ke kashe tsarin lura da hayaƙi, amma an bar shi ya ci gaba da sayar da kayan da hukumar kula da iska ta jihar Kalifoniya ta gwada ta amince da su. Bisa ga dukkan alamu iyakar da hukumomin suka shata ke nan: a gyara ma'aunin iska, kada a taɓa matatar ko a toshe bakin na'urar da ke sa mata ido. Iyaka ce mai ma'ana, illa dai gwajin na Kalifoniya yana cin kuɗi da lokaci, kuma ƙaramin gareji ba shi da ƙarfin da babban kamfani ke da shi na jure wannan ɗawainiya.

Masu sana'ar na ƙorafin cewa su ake matsa wa lamba alhali maguɗi mafi girma daga masana'antun ya fito. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. A watan Satumba na 2015 Volkswagen ya amsa cewa ya sa wa motocin dizal kimanin miliyan 11 manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, alhali a kan hanya wasunsu na fitar da gubar da ta kai ninki 40 na abin da doka ta yarda. A watan Disamba na 2023 kuma kamfanin Cummins ya amince da biyan dala biliyan 1.675 kan injinan motocin Ram. Masu binciken jami'ar West Virginia da suka auna hayaƙi a kan titi ne suka bankaɗo na Volkswagen, domin manhajar a kulle take. Wata guda bayan haka, a Oktoban 2015, Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya amince cewa buɗe manhajar mota domin bincike ko gyara ko sauyin da bai saɓa doka ba, ba keta haƙƙin mallaka ba ne. A ɗaya hannun kuma, ƙudurin RPM da ƙungiyar masu kayan ƙawata motoci ta SEMA ta fara nema a 2016 domin kare motocin tsere bai zama doka ba.

Batun bai tsaya a Amurka ba, tunda da yawa daga cikin tokunbon da ke shigowa ta Legas da Kwatano daga can suke fitowa. Shirin kare muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin 100 zuwa Afirka. Motar da aka taɓa kwamfutarta ba ta nuna alama a jikinta, kuma wadda aka saita don fetur mai inganci na iya yin ƙara da zafi idan ta sha wanda bai kai shi ba. Haka nan bayan janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, masu motoci da dama a Nijeriya sun koma amfani da iskar gas ta CNG, wadda ke buƙatar kimanin giram 17 na iska ga giram ɗaya. Wannan ma sauyin inji ne da ke neman saiti, kuma makanikin da ya ɗaura tukunyar gas bai duba abin da kwamfutar ke karantawa ba, ya bar motar ne da lissafin da aka yi don wani man dabam.