Ra'ayinmu: A Kafa Wa Yaran Gobir Labari A Bakin Hanya

'Yan'uwa, a shekarar 2007 wata mata mai suna Anne Ferguson ta fito da wata dabara a garin Montpelier na ƙasar Amurka. Ana warware littafin yara shafi-shafi, a lulluɓe kowanne da leda, a kafa su a jikin sanduna bi da bi a bakin hanya cikin lambun shaƙatawa. Yaro na tafe yana karantawa. In yana son jin yadda aka ƙare, sai ya ƙarasa sanda ta gaba.

Muna ganin yaran Sabon Birni da Isa suna bukatar wannan ƙwarai. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutanen yankin, wasu suka tsallaka Maradi a Nijar, wasu suka taru cikin garuruwa. Karatu ya tsaya a ƙauyuka da yawa, kuma yaron da ya daɗe bai ga rubutu ba yakan manta abin da ya koya.

Ba mu ce a kai yara bayan gari ba. Akwai inuwar dogonyaro a filin makaranta, da harabar majami'a, da hanyar rijiya cikin gari. Kwafi 2 na littafin Hausa sun isa, tunda kowace takarda gaba da baya aka buga ta. Sai kwali da leda da sanduna.

Muna roƙon zumuntar mata da matasan ikilisiyoyinmu su tara kuɗin, su haɗa kai da malamai da masu unguwanni, a buɗe wa kowane yaro, Kirista da Musulmi. Allah ya kawo zaman lafiya, amma kada a ajiye karatun yara sai ranar.