Filin Manoma: Launin da ke gindin kwalbar magani

In damina ta kama, ƙwari suka faɗa ma wake, kasuwa takan cika da magani. Kowace kwalba da takarda manne a jikinta. Rubutun da faransanci ne, ko da ingilishi in daga Najeriya ta fito. Baƙaƙen ƙanana ne kamar ƙwayar gero. Manomi ya yi yaƙi da jahilci, ya iya karatun hausa sarai, amma takardar ba ta da hausa ko kalma guda.

Masu tsara takardun nan sun san da matsalar. A 1975 ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta kasa magungunan ƙwari bisa ƙarfin dafinsu. Daga baya ƙungiyar FAO ta ce a ba kowane kashi launinsa, a shimfiɗa shi a gindin takarda. Ja shi ne mafi mugun dafi, kuma yana tafe da hoton ƙoƙon kai da ƙasussuwa biyu gicciye. Ruwan ɗorawa na bi masa, sannan shuɗi, sannan tsanwa. To, a kula da tsanwa. Ido ya saba ganinta ga ganye da ciyawa, sai mutum ya ɗauka lafiya lau ne. Ba haka ba ne. Dafinta ne kaɗan, amma dafi ne.

Cikin launin nan akwai ƙananan hotuna a jere, ana bin su daga hagu zuwa dama. Safar hannu. Dogon takalmi. Abin rufe hanci da baki. Saniya da kaza da aka ja ma layi, wato a kau da dabbobi daga wurin. Wannan na makiyayi ne musamman, domin garke yakan bi gefen gonar da aka fesa jiya.

Dabarar tana da kyau, sai dai hoto ma yare ne, koyonsa ake yi. Akwai hoton mutum yana wanke fuska a bakin famfo, ana nufin a wanke jiki bayan feshi. A garin da guga da rijiya aka sani, wani zai ce mutumin ruwa yake sha. Akwai na wurin ajiya mai kwaɗo da yaro yana miƙa hannu. Gida nawa ke da irinsa a ƙauye? Wanda ya zana shi gidan birni ya duba. Babban abin haushi kuwa, kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a tsinki tumatir ko kabeji ba su da hoto. Suna can cikin ƙananan baƙaƙe, alhali su ne ke tsare mai ci.

Maganin wannan ba shi da tsada. Duk ma'aikacin da ya tsara takarda domin manoma, ya kai ta ƙauye tun ba a buga ta ba. Ya miƙa ma mutum goma, maza da mata, kada ya bayyana komi. Ya tambaya: mi kuka gani? In bakwai suka kauce, laifin ba nasu ba ne, a koma a sake zane.

Kafin a kai nan, manomi ya duba launi tun bai biya ba. Ya sa malamin gona ko ɗan lakkwal ya karanta masa awo da kwanakin jira, ya rubuta su da hausa a jikin kwalbar. Maganin da aka ɗura cikin kwalbar lemu ba shi da launi, ba shi da suna, kuma yaro yana iya ɗauka abin sha ne. In tsautsayi ya faru, a tafi asibiti da kwalbar ta asali, domin sunan da ke jikinta likita zai fara nema.