Kafin a goge kwamfuta, a fara neman ciwonta

Ƴan uwa ƴan kasuwa, daga Birnin Ƙonni da Illela har zuwa Ɗan Isa da Jibiya, yau kwamfuta ta samu wurin zama a shago kamar yadda sikeli ya samu. Da yawa cikinmu ba ma sayen sabuwa cikin kwali. Mukan tattaro kayanta ɗaya-ɗaya daga Kano ko Legas, mu ba wani yaro mai basira ya haɗa mana ta tebur. Dabara ce mai kyau, domin tana rage kuɗi, kuma in wani sashe ya lalace shi kaɗai za a sake. To amma kuka biyu muke ji kullum: ta mutu haka kawai ana tsakiyar lissafi, ko kuwa a kunna ta da safe, a sha shayi a gama, ita ba ta gama tashi ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne irin maganin da ake ba jama'a. Ka kai ta wajen mai gyara, bai buɗe ta ba, bai tambaye ka komai ba, sai ya ce a yi mata fomat, wato a goge duk abin da ke ciki a sake zuba Windows. A ganinmu wannan ganganci ne da dukiyar mutane. A cikinta littafin bashi yake, da lissafin buhunan da suka ƙetare iyaka, da takardun duwan. Mai gyara ya karɓi kuɗinsa, bayan mako guda ciwon ya dawo, sunayen masu bashi kuwa sun tafi ke nan.

Mu ma abin ya taɓa cin mu a gidan rediyonmu. Kwamfutar da muke haɗa shirye-shirye da ita ta riƙa mutuwa da rana tsaka. Sau biyu ana goge ta, muka yi asarar hirarrakin da muka sha wahala kafin mu naɗo. Ranar da aka buɗe akwatin, sai ga ƙura ta lulluɓe fanka kamar bargo. Tun daga nan muka gane cewa tambayar farko ita ce: yaushe take mutuwa?

In da rana ne, ko lokacin da aiki ya yi mata yawa, a zargi zafi. Furosesa, wato zuciyar na'urar, in zafinta ya kusanci digiri 100 takan rage gudu ko ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu ta toshe hanyar iska, zafin bazara ya zo ya ƙarasa. A cire waya daga bango, a buɗe akwatin, a hure ƙurar, a tabbatar kowace fanka tana juyawa. Man nan da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta yakan bushe, sai a goge a sa sabo. Kuma a ɗaga akwatin daga ƙasa, a daina jingina shi da buhuna.

In kuwa mutuwar tana zuwa ne sa'ad da firji ya tashi ko aka koma kan injin wuta, to matsalar lantarki ce. A nan ne mai haɗa kwamfuta ya fi yin rowa: ya zuba kuɗi a kan komai, ya sayi akwatin wuta mafi araha. Wannan ɗan akwati shi ke karɓar wutar bango ya mai da ita bolt 12 da 5 da 3.3 da sassan ciki ke sha. In ya gaza, na'urar ta ɗauke ba sallama. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A sayi mai kyau, a haɗa da UPS, wanda masu Faransanci ke kira onduleur, domin ya riƙe ta ƴan mintoci a adana aiki in wuta ta tafi.

In mutuwar ba ta da lokaci, wani sa'in allo ya yi shuɗi da rubutu, a ɗauki hoton rubutun da waya, domin shi ne shaida. Sau da yawa RAM ce ta saki ko ta lalace. A zare ta, a share bakinta, a mayar har ta zauna daram. In guda biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Cikin Windows ma akwai abin gwajinta mai suna Windows Memory Diagnostic, kyauta ne. Sharaɗi guda: a riƙa canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa wani, in ba haka ba ba za a san mai laifin ba.

Jinkirin tashi kuwa yawanci daga wuri biyu yake. Na farko, tarin manhajojin da ke tashi tare da ita. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga sashen abubuwan da ke tashi da farko, a dakatar da waɗanda ba a buƙata. Na biyu, tsohon faifan ajiya mai juyawa. In har ya fara ƙara ƙas-ƙas, a kwashe kaya tun bai mutu ba. Maye shi da SSD, wanda ba ya juyawa, ya fi kowace fomat sa kwamfuta sauri. Agogonta kuma in yana ɓata kullum, ɗan batirin nan ne CR2032 mai bolt 3 ya ƙare.

Ba mu ce fomat ba ta da rana ba. In ƙwayar cuta ta shiga ta hanyar ma'ajiyar USB da ke yawo shago-shago, wani lokacin dole a goge. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025. Amma gogewa mataki ne na ƙarshe, kuma ba ta cire ƙura, ba ta gyara wuta.

Don haka, Alhaji, ka tsaya a kan mai gyara kamar yadda kake tsayawa a kan mai awo. Ya buɗe a gabanka, ya nuna maka abin da ya lalace, ya kwafe maka kayanka kafin ya taɓa komai. Ku kuma masu gyara, ku riƙe amana, abincinku yana cikin yardar jama'a. Kowace Juma'a a kwafe littafin bashi a ajiye a gida, domin kwamfuta ana sayen wata, amma wanda ya ci bashi ba lalle ya zo ya tuna maka ba. Allah ya ba da kasuwa.